Shanya a Kotor

Da asuba jirgin ruwa ya shigo Kotor,
hawa goma sha biyu, fari fat kamar alli,
ya ɗara hasumiyar cocinmu tsawo.
Ya tsaya, injinsa bai tsaya ba.
Duwatsu sun kewaye mu kamar bakin tukunya,
hayaƙin da ya tashi bai sami ƙofar fita ba,
sai ya sauko a hankali
ya kwanta kan zanin gadon da Inna ta shanya.

Ni ce Zorka, ɗiyar Tripo mai kwalekwale.
Tebur ɗaya gare ni a ofishin magajin gari,
taswira ɗaya, fensir ja da kore.
An ce in zana yadda baƙi za su zo
ba tare da sun bar mana toka a maƙogwaro ba.
Wata bakwai ina zane ina gogewa
har takardar ta huje a tsakiya.

Na rubuta: jirgi ɗaya a yini, ba huɗu ba.
In ya iso gaɓa ya kashe inji,
ya ja wutar lantarki kamar kowane gida.
Manyan motoci su tsaya bayan ganuwa.
Mai son zuwa Perast ya hau jirgin batir, ko keke,
mai ƙarfin gwiwa ya bi hanyar alfadarai
wadda kakata ke saukowa da cuku a baya.

Baƙon awa huɗu, me ya gani?
Ya ɗauki hoton kyanwa a bakin ƙofa,
ya sayi tsarabar da aka ƙera a wata nahiya,
ya koma jirgi cin abinci.
Ina son wanda zai kwana uku,
ya san sunan mai gasa masa kifi,
ya tafi da kewarmu, ya bar mu lafiya.

Ranar taro zaure ya cika har taga.
Wanda ya fara miƙewa wana ne, Radoje,
mai bas ɗin dizal da bashin banki a kansa.
Bai kalle ni ba. Ya ce wa jama'a:
"Iska mai daɗi ba ta biyan kuɗin makaranta.
Ku tambayi mai fensir, in sanyi ya shigo,
hayaƙi ke kwantar da mu ko aljihu wayam?"
Aka tafa, wasu har da dariya.

Na buɗe baki da lissafi, tan kaza, kashi kaza.
Ya faɗa shiru kamar tsakuwa a rijiya.

Sai Inna ta taso daga layin ƙarshe,
ta buɗe jaka, ta warware zanin gado,
ta shimfiɗa shi bisa taswirata.
"Da safen nan na wanke shi," ta ce.
"Wancan ɗana ne, wannan 'yata,
dukansu a kansa suka yi barci."
Ta koma kujerarta,
ta bar mu da neman mai gaskiya.

Ban sami ɗaya ba, an tsaya a kan biyu.
Wayar lantarki sai baɗi, in kuɗi sun samu.
Hanyar keke an yanke mata rabi.
Da dare Radoje ya kira ni, ko gaisuwa babu:
"Jirgin batir ɗin nan naki, wa zai tuƙa shi?
Ni ma ɗan Tripo ne.
Na san ruwan nan tun ba ki iya tafiya."

Yau Talata, ranar da aka hutar da gaɓa.
Daga ofis na jiyo filafili yana taɓa ruwa,
rabona da jin haka tun ina shekara tara.
Na liƙe ramin taswira, na fere fensir kore.
Inna ta sake fitar da zaninta.
Ban ce ya bushe fari tas ba,
amma ya fi na jiya.